Gwajin ruwan rijiya ta gidan waya: abin da dala 300 suka saya min a Grayling

Sama da dala 300 na biya wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa don ya auna min sinadaran PFAS, wasu sinadaran masana'antu da ba sa ruɓewa kuma ake tsoron illarsu ga lafiya, a ruwan rijiyar gidanmu. Awon kansa ba ni da ta cewa a kai, sun san aikinsu. Takardar sakamakon ce ta ba ni haushi, don wanda bai san dawan garin ba zai karanta ta ya yi hamdala ya ci gaba da shan ruwansa, alhali ba haka lambobin ciki ke nufi ba.

Muna zaune ne a wajen garin Grayling, can arewacin jihar Michigan ta Amurka, inda aikin jinya ya kawo ni. Ruwan famfon gwamnati bai iso layinmu ba, kowane gida da burtsatsensa a bayan gida. Babban maƙwabcinmu shi ne Camp Grayling, sansanin horas da dakarun jihohi mafi girma a ƙasar, fili wajen eka 147,000, kuma tun 1913 yake nan. In Agusta ta zo aka fara atisayen da suke kira Northern Strike, har gilasan tagogi sai sun yi motsi. Wannan kowa ya saba da shi. Abin da ya dami mutanen gari ba shi da ƙara: kumfar kashe gobarar mai ce, wadda ake kira AFFF. Sojojin ruwan Amurka da kamfanin 3M ne suka ƙirƙiro ta a shekarun 1960, kuma a gaskiya tana kashe wutar man jirgi da sauri. Shekara da shekaru ana fesa ta a wajen horo da gwajin motocin kwana-kwana, tana kwarara ƙasa. Ƙasar Grayling kuwa yashi ce tsantsa, ruwan ƙarƙashinta ba nisa, duk abin da ya zuba sai ya nutse. Sinadaran PFAS na cikin kumfar, irin su PFOS da PFHxS, ba sa ruɓewa. A 2016 aka gano su a ruwan ƙarƙashin ƙasa a filin jirgin saman sojoji, a 2017 aka fara bi gida-gida ana ɗibar ruwan rijiyoyi. Tafkin Margrethe da ke jikin sansanin ma hukumar lafiya ta yi gargaɗin kada a taɓa kumfar da ke taruwa a gaɓarsa.

To me ya sa na biya daga aljihuna? Gidanmu ya faɗo a wajen layin da aka zana a taswira na unguwannin da ake gwadawa kyauta. Wannan shi ne abu na farko da zan gaya wa duk mai niyyar saye: ya fara kiran ofishin lafiya na yankinsa. In gidansa na cikin layin, ba shi da dalilin kashe ko sisi.

Akwatin ya iso da wuri, farin soso mai riƙe sanyi a cikin kwali. A ciki akwai robobi masu cin mililita 250, kowace da ɗan farin gari a gindinta wanda aka ce kada a wanke, shi ke kiyaye ruwan har ya isa. Akwai safar hannu shuɗiya, da fom ɗin da ake rubuta wanda ya ɗebi ruwan da ranar da ƙarfe nawa, sai takardar umarni. Takardar nan na yaba mata ƙwarai. Ba su ɓoye cewa mai ɗibar ruwan ne ya fi kowa iya ɓata gwajin ba, domin abin da ake nema ƙanƙani ne sosai, nanogiram a lita, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan, kuma PFAS na nan a kayan da muke taɓawa kullum. Kada ka sa rigar ruwa ko takalmin da ruwa ba ya shiga. Kada ka sa kayan da aka wanke da maganin laushin tufafi. Kada ka taɓa takardar naɗe abincin kanti. Kada a shafa mai ko kwalliya a safiyar ranar.

Wannan na ƙarshen ne ya ba maigida dariya. Sanyin Michigan na tsattsaga fata, ni kuma ga ni tsaye a kicin da tsohuwar atamfa, hannu fari fat kamar na mai aikin siminti. Ya ce, “Maman yara, ko tiyata za ki shiga ba a yi miki wannan sharaɗin ba.” Na ce ya fita min daga kicin, jakarsa ta aiki ma irin mai hana ruwa shiga ce.

Na kwance 'yar rariyar bakin famfo, na bar ruwan sanyi ya zuba na 'yan mintuna don wanda ya kwana a bututu ya wuce, na rage ƙarfinsa, na cika robobin ba tare da bakinsu ya taɓa famfon ba. Sai kuma roba ta musamman: sun aiko da tsarkakakken ruwa daga wajensu, ka juye shi cikin wata robar da ba komai a daidai inda ka ɗebi naka. In suka auna wannan suka ga PFAS a ciki, to daga hannunka ko iskar ɗakinka ya shiga, sakamakon rijiyar ba abin dogaro ba ne. Kuɗin wannan roba daban suka caje ni, kuma a shafin sayen an sa ta a matsayin zaɓi. Ni a ganina bai kamata ta zama zaɓi ba. Mutum ya biya ɗaruruwan daloli ya samu lamba mai tayar da hankali, sannan ba shi da hanyar sanin ko daga rijiyarsa take ko daga hannun rigarsa?

Kuɗin aikawa ma ba ya cikin farashin da suka liƙa da manyan haruffa. Dole ruwan ya isa da sanyinsa, bai wuce digiri 10 ba, don haka sai aikawar kwana ɗaya, kuma a farkon mako, kada ya kwana a sito ranar Asabar. Ƙanƙara kuwa ta gaske suke so a cikin leda, ba shuɗin fakitin nan na firiza ba. Duk an rubuta, amma a ƙasan shafi na ƙarshe.

Sakamakon ya zo ta imel cikin lokacin da suka yi alkawari. Shafin farko tebur ne mai sunayen sinadarai 25, don hanyar awo ta 533 ta hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, suka bi. Akwai wata hanyar, 537.1, mai auna 18. Mafi yawan layukan an rubuta ND, wato ba a gano ba. PFOS ya fito, ya kusa nanogiram 10 a lita, PFHxS ma ya fito kaɗan. Ruwan robar gwajin hannuna tsaf, ba komai. A gefen kowane layi kuma ga koriyar alama, a sama an rubuta cewa ruwan bai wuce ƙa'ida ba.

Wace ƙa'ida? Nan ne gizo ke saƙar. PFOS ɗin nan kaɗai yana da lambobi huɗu da ke yawo a bakin mutanen Grayling, kuma duk wanda ya taɓa zama a taron da sojoji ke yi da jama'ar gari ya ji ana jifa da su. Akwai 70, shawarar da EPA ta bayar a 2016 ta PFOS da ɗan'uwansa PFOA a haɗe, wadda da ita aka daɗe ana yanke wa za a kai wa ruwan roba. Akwai 16, iyakar da jihar Michigan ta kafa a Agustan 2020, tare da 8 na PFOA. Akwai 4, iyakar da EPA ta kafa a Afrilun 2024 ga PFOA da PFOS kowane. Sai 12, ninki uku na 4 ɗin, wanda ma'aikatar tsaro ta ce a Satumban 2024 daga nan za ta fara ɗaukar mataki a kan rijiyoyin gidaje. Kamfanin ya auna ni da 16 ya ba ni kore. Ba ƙarya suka yi ba. Amma rijiyata ta ninka iyakar tarayya fiye da sau biyu, kuma ko a ƙasan shafi ba su ambaci 4 ba. Ga shi dokokin nan na jiha da na tarayya an yi su ne don ruwan da ake raba wa jama'a, rijiyar gida ba wanda ke tilasta mata komai. Mai rijiya shi ne hukumar ruwan kansa.

Na kira lambarsu. Wani matashi mai ladabi ya ɗauka, ya tabbatar min da lambobin, ya ce ba a ba su izinin ba da shawarar lafiya ba. Na fahimci wannan, mu ma a asibiti akwai abin da ba na faɗa sai likita ya zo. Sai dai rubuta iyakar EPA kusa da ta jiha ba shawarar lafiya ba ce, layi ɗaya ne a tebur.

ND ɗin ma yana buƙatar a duba shi da kyau. Ba yana nufin babu ba ne, yana nufin bai kai mafi ƙanƙantar abin da injinsu ke iya ba da rahoto a kai ba. Nasu wajen 2 ne, kuma sun rubuta shi a gefen kowane sinadari, abin da na ji daɗinsa. In ɗakin gwaji ba ya iya gani ƙasa da 4, ND ɗinsa ba ta da amfani a yau, komai arhar akwatin.

Da na gaya wa Umma a waya, amsarta ita ce wadda kowace uwa za ta bayar. “Ke da kike ma'aikaciyar asibiti? Ki jefa alif ya kwanta, ki tafasa, ki tace da farin ƙyalle.” Na ce, “Umma, wannan ba irin dattin da ido ke gani ba ne.” Ruwanmu garau yake, ba wari, ba ɗanɗano, ya fi na kanti daɗin sha. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, wannan kuwa ruwa ne zai tashi a tururi ya bar sinadarin a tukunya, ya ƙara kauri. Ta yi shiru, sannan ta ce to Allah ya kyauta, amma kada in kuskura in dama wa jaririn kunu da shi. A nan ta yi daidai. PFOS na shekaru a jinin mutum kafin rabinsa ya fita, kuma masu ciki da jarirai aka fi ji wa tsoro. Binciken da aka yi a kan mutanen da suka sha ruwa mai PFOA a yankin kogin Ohio ya nuna yiwuwar alaƙa da sankarar ƙoda da ta maraina, da hauhawar kitse a jini, da hawan jinin masu ciki. A 2023 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa PFOA cikin masu haddasa sankara, PFOS kuma cikin waɗanda mai yiwuwa ne. Wanka da wanki ba su ne abin damuwa ba a irin lambarmu, abin da ke shiga ciki ne. Alwala ma da shi muke yi.

Muka sa na'urar tace ruwa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, irin mai matse ruwa ta cikin siririyar fata bayan ya ratsa gawayi, da ɗan famfonta daban na sha da girki. Abin dubawa a jikin kwalin shi ne tambarin NSF, ƙungiyar da ke tantance irin waɗannan na'urori, lamba 58 ga irin wannan, 53 ga mai gawayi zalla, kuma a ga an rubuta PFOA da PFOS ƙarara, don ba kowace mai tambarin aka gwada a kansu ba. Daga nan sai gwaji na biyu, a ga ko na'urar na aiki. Cikakken kuɗi suka sake karɓa, ba ragin ko dala ɗaya, duk da cewa duk wanda ya samu abu a gwajin farko dole ya dawo. Na biyun ya fito ND daga sama har ƙasa.

Akwai abin da akwatin ba zai taɓa yi maka ba, kuma tallarsu ta ɗan zuzuta a nan. Ba zai gaya maka daga ina sinadarin ya fito ba. PFOS da PFHxS tare sun yi kama da sawun tsohuwar kumfar sojoji, amma kama ba hujja ba ce. Juji da ramin bayan gida ma suna zubar da PFAS. Tabbatar da tushe aikin masu binciken ƙasa ne, waɗanda ke haƙa rijiyoyin sa ido a zurfi daban-daban, su auna inda ruwan ƙasa ya nufa, su zana iyakar gurɓatar. Shi ya sa binciken sansanin yake ta jan ƙafa tun 2017, mataki bayan mataki. Kuma ruwan ƙasa tafiya yake yi, lambar bana ba lallai ta zama ta baɗi ba.

Inda takardar ta yi min rana shi ne ofishin lafiya. Saboda ɗakin gwajin na da rajista, ga fom ɗin ɗibar ruwa da sa hannuna, ga sakamakon robar gwajin hannu, matar da ke kan tebur ba ta yi min kallon mai tsoron banza ba. Ta kwafi takardun ta sa a fayil, ta ce in za a faɗaɗa layin taswirar, irin waɗannan ake dubawa. Maƙwabciyata da ta sayi wani akwatin gwaji mai arha wanda ba ya bin hanyar EPA, cewa aka yi sai an sake ɗiba.

Zan sake amfani da su baɗi, don ban ga wanda ya fi su tsafta a awo ba a kusa. Amma zan tambaya tun kafin in biya ko robar gwajin hannu da kuɗin aikawa na cikin farashin, kuma in takardar ta zo, lambar zan duba in ajiye ta kusa da 4, ba launin alamar ba.