Labarina ko Izzar So? Amsa ga mai data ɗaya

Ɗan'uwa, na ga tambayar da ka yi jiya da daddare. Ka ce rabonka da fim ɗin Hausa tun zamanin da ake zuwa Ƙofar Wambai sayen faifai, yanzu kuma ka ci karo da tallar Labarina da ta Izzar So a waya, duka biyun sun taɓa ka, amma datarka ba za ta ɗauki biyu ba. Wanne za ka fara, kuma a wanne aka fi iya wasa? Kafin gari ya waye an ba ka amsa ta fi ashirin, kowa na kiran sunan gwaninsa kamar ana kamfen, har wasu biyu suka koma yi wa juna gori a kan abin da bai shafe ka ba. Ni na kalli duka biyun tun farkon fitowarsu, don haka bari in zauna in yi maka bayani a tsanake.

Abu na farko, cire tallar nan daga lissafinka. Mai yanka talla sana'arsa daban da ta mai ba da labari. Minti biyu aka ba shi, aka ce ya tsayar da yatsan mai gungura waya. To me zai ɗauko? Mari, kuka, mota mai tsada tana shiga get, wani ya zare ido yana cewa sai ya ga bayan wani, sannan kiɗa mai bugun ƙirji. Kowane shiri a Kannywood yana da waɗannan, mai kyau da marar kyau. Sau nawa muka ga talla ta tashi hankalin gari, ranar da fim ya fito sai ka tarar marin nan mafarki ne jaruma ta yi? Na taɓa jiran wani fim wata guda saboda tallarsa, da ya fito na gane duk abin kallon da ke cikinsa shi ne wanda aka riga aka nuna min kyauta. Ba zan kira suna ba, masu shi suna nan da ransu. Abin da talla za ta iya gaya maka da gaskiya bai wuce biyu ba: kyan hoto da tsabtar sauti. Idan a cikin talla ma kana jin muryar jarumi kamar daga cikin rijiya, to ka san abin da ke jiranka. Amma iya wasa, wannan sai an zauna.

Duka shirye-shiryen biyu 'ya'yan shekarar 2020 ne, shekarar korona, lokacin da aka kulle mutane a gida. Kasuwar faifai ta riga ta mutu kafin nan, masu tura fim a waya sun gama da ita, sai masu shirya fim suka koma fim mai dogon zango a talabijin da YouTube. Labarina na Aminu Saira ne, ya fara fita a tashar Arewa24, ana kuma saka shi a shafin Saira Movies. Izzar So kuwa na Lawan Ahmad ne, ɗan Bakori ta jihar Katsina, shi ya sa ma tasharsa ta YouTube ake kiranta Bakori TV. Wannan bambancin asali ba ƙarami ba ne, domin shi ya haifi kusan duk sauran. Ɗaya darakta ne ya gina shi, mutumin da ya daɗe a bayan kyamara yana auna haske da kusurwa. Ɗayan jarumi ne ya gina shi, kuma shi ne ginshiƙin labarin da kansa.

Izzar So labarinsa a miƙe yake kamar titin Zariya. Umar Hashim, wato Lawan Ahmad, yaro ne talaka mai ilimi da riƙon addini, ya samu kansa a kamfanin Alhaji Matawalle, wanda Ali Nuhu ya fito a matsayinsa. 'Yar mai kamfanin, Hajiya Nafisa, wadda Aisha Najamu ta hau rol ɗinta, mace ce mai izza da raina na ƙasa da ita. Daga nan ka san inda aka dosa. Ana ƙulla masa sharri, yana haƙuri, gaskiya tana fitowa, a sake ƙulla wani. Masu sukar shirin suna cewa maimaici ne, kuma ban ce ƙarya suke yi ba. Amma ka je gidan da ake kallonsa ranar Lahadi ka gani. Tsohuwa da jikarta da mai gida duk a gaban waya ɗaya, ba wanda zai sunkuyar da kai don kunya. Umar Hashim zai kawo aya, ya kawo hadisi, ya yi wa mai kuɗi nasiha a gaban idonsa, talakan da ke kallo ya ji kamar an rama masa abin da ogansa ya yi masa ranar Laraba. Wannan jin daɗin na gaske ne, kuma wanda ya raina shi bai san masu kallon Hausa ba.

Inda nake da magana shi ne wasan. Lawan Ahmad ya riƙe Umar Hashim da kyau, har sunan ya kusa danne nasa na yanka. Sai dai rol ɗin bai ba shi filin juyi ba. Mutumin da ba ya kuskure, ba ya kwaɗayi, ba ya jin tsoro, ba ya taɓa yin abin da zai yi nadama, me jarumi zai yi da shi ban da sanyaya murya da sunkuyar da kai? Ba laifinsa ba ne a matsayin ɗan wasa, rubutun ne ya ɗaure shi. Shi ya sa a ganina wadda ta ci moriyar shirin ita ce Aisha Najamu. An ba ta mugun hali, ta kuma riƙe shi da hannu biyu: kallon sama da ƙasa, tafiyar ƙasaita, yadda take furta kalma kamar tana jefa wa mutum sadaka. Kafin Izzar So mutane ƙalilan ne suka san ta, bayansa kuwa har sunan shirin ya manne a jikin nata. Ali Nuhu kuma Ali Nuhu ne, rol ɗin attajirin uba ba ya sa shi gumi. Wani lokaci ma sai in ga kamar da rabin ƙarfinsa yake yi, amma rabin nasa ya fi cikakken na wasu.

A nan ya kamata a ambaci marigayi Nura Mustapha Waye, daraktan shirin, wanda Allah ya yi wa rasuwa a 2022. Allah ya jiƙansa da rahama. Shirin ya ci gaba bayansa, kuma wannan kaɗai ya nuna maka irin tushen da aka kafa.

Labarina kuwa wata tafiya ce daban. Farkonsa labarin Sumayya ne, wadda Nafisa Abdullahi ta fito a matsayinta, yarinya 'yar talakawa da maza masu hali daban-daban suka kewaye: Mahmud na Nuhu Abdullahi, Presido na Isa Feroz Khan, Lukman na Yusuf Saseen. Abin da ya raba shi da takwaransa shi ne mutanen cikinsa ba fari da baƙi ba ne. Wanda kake so yau zai yi abin da zai ba ka haushi gobe, wanda ka tsana kuma wata rana za ka tsinci kanka kana tausaya masa. A irin wannan rubutun ne ake gane ɗan wasa, don dole fuskarsa ta ɗauki abu biyu a lokaci guda, bakinsa na faɗin ɗaya idonsa na faɗin wani.

Kuma Saira yana barin shiru ya yi aiki. Wannan ita ce babbar hujjata, ka riƙe ta. Yawancin finafinanmu tsoron shiru suke yi. Da an faɗa wa jaruma mummunan labari sai kiɗa ya taso, ta dafe ƙirji, ta yi salati da ƙarfi, hawaye ya zubo kafin mai magana ya rufe baki. A Labarina sau da yawa za ka ga an bar kyamara a kan fuska na ɗan lokaci, ba magana, kana kallon labarin yana shiga jikin mutum a hankali. Nafisa ta iya wannan ƙwarai. Ba ta gaggawar kuka, sai ka ga ta haɗiye shi tukuna, kuma haɗiyewar ta fi zubarwar ciwo. Irin wannan sin ɗin ba ya taɓa shiga talla, domin a minti biyu ba wanda zai tsaya kallon mace tana shiru.

Sai Rabi'u Rikadawa, Baba Ɗan Audu. Wallahi ko don shi kaɗai datarka ba ta tafi a banza ba. Dattijo ne makwaɗaici, mai wayon tsiya, wanda zai sayar da kai yana yi maka addu'a. Ana dariya idan ya fito, amma ka lura, ba barkwancin faɗuwa ƙasa da zare ido yake yi ba. Kowa a cikinmu yana da irin wannan mutumin a dangi ko a unguwa, wanda in ya yi sallama ake ɓoye kwanon abinci. Rikadawa ya daɗe a harkar wasan kwaikwayo, kuma ana ganin shekarun a yadda yake sarrafa murya, ya sauke ta ya ɗaga ta a cikin jimla ɗaya. In aka ce in zaɓi mutum ɗaya a cikin shirye-shiryen nan biyu in ba shi kambu, ba sai na yi dogon tunani ba.

To amma kada in yi maka tallar da na hana ka yarda da ita. Labarina yana da ciwon da Izzar So bai yi fama da shi kamarsa ba, wato ficewar jarumai a tsakiyar tafiya. An kashe Mahmud a labarin, masu kallo da yawa ba su yafe ba har yau. Sannan a 2022 Nafisa Abdullahi ta bar shirin, daga baya Fati Washa ta karɓi rol ɗin Sumayya. Washa jaruma ce mai zaman kanta, ba a yi mata adalci ba da aka yi ta auna ta da wadda ta gabace ta, amma gaskiya ita ce ido ya riga ya saba. Ka shafe zango da zango kana kallon fuska ɗaya, ranar Juma'a ɗaya a ce maka ga Sumayya, kai kuma zuciyarka ta ce ba ita ba ce. A wannan tsakanin labarin ya yi ta jan ƙafa, har na ɗan ajiye shi na wasu makonni.

Abin da ya dawo da ni shi ne lokacin da Saira ya rufe wancan babin ya buɗe sabon labari a ƙarƙashin suna ɗaya, da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Al'amin Mainasara, attajirin da ya sa rigar talauci don ya gane wadda ke son sa don Allah. Jigon tsoho ne, kakanninmu ma sun yi tatsuniyarsa. Amma Sadiq ya yi abin da ake nema: mutum ɗaya, tafiya biyu, zama biyu, har yadda yake riƙe kofi daban ne in yana mai kuɗi da in yana talaka. Wanda ya san shi a rol ɗin Mati, ɗan iskan gari mai ban dariya, zai sha mamakin nutsuwar da ya zo da ita nan. Ga alheri gare ka kuma: tunda labarin sabo ne, kana iya farawa daga nan ba tare da ka kalli na Sumayya ba. Izzar So ba ya ba ka wannan damar. Igiya ɗaya ce doguwa, in ka kama ta daga tsakiya za ka yi ta tambayar wane ne wannan, me ya haɗa shi da wancan.

Ta fuskar hoto da sauti ba na jin akwai gardama, ko masoyan Izzar So na gaskiya sun san Labarina ya fi. Haske, zaɓen gidaje, kayan sawa, waƙoƙin da ake sakawa a inda suka dace, musamman na Naziru Sarkin Waƙa a zangunan farko. Izzar So ya inganta sosai idan ka kwatanta farkonsa da abin da ya biyo baya, sai dai yawancinsa zama ne a ofis ko falo ana magana, kyamara na tsaye tana jira a gama.

Ɗaya matsalar kuma ta su duka ce, har da sauran masu dogon zango. Kuɗin YouTube yana bin yawan kallo ne da tsawon lokacin da mutum ya zauna, don haka abin da za a faɗa a minti biyar sai a ja shi zuwa sha biyar. Mota za ta fito daga gida, mu bi ta har kwana, ta tsaya a danja, mu ma mu tsaya. A gaisa, a tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, a kawo ruwa, a sha, sannan a ce dama wata magana ce ta kawo ni. Kai mai ƙirga data, koyi danna gaba, kuma ka sauke ingancin hoton zuwa 360 in a waya kake kallo, ba abin da zai ragu sai kaɗan.

Saboda haka ga yadda zan raba maka. In kai kaɗai za ka kalla da abin ji a kunne, kuma abin da ka tambaya shi ne iya wasa, fara da Labarina. Ɗauki zangon Mainasara tukuna, in ya kama ka sai ka koma baya ka ga Nafisa da Baba Ɗan Audu. In kuwa wayar za a jingina ne a jikin filas a tsakar gida, Hajiya na gefe, yara na gefe, to saka Izzar So daga fita ta ɗaya, ba za ka ji kunya ba, kuma Hajiya za ta sa maka albarka duk lokacin da Umar Hashim ya buɗe baki. Ka ba kowanne fita uku kafin ka yanke hukunci, don fitar farko kusan kullum gabatar da mutane ce kawai. In ka kai inda Baba Ɗan Audu ya fara lissafin abin da zai samu, dawo ka gaya min ko na yi ƙarya.