Wata shida ina karanta labaran ƙungiyoyin da ke mallake mabiyansu

Tun farkon shekara na tsunduma cikin wani nau'in ƙagaggun labarai masu sa zuciya ɗar-ɗar. Ginshiƙinsu kusan ɗaya ne: wata mata ta tsere tun tana yarinya daga hannun shugaban da ya mallake iyayenta, ta girma, ta yi aure, tana ganin ta binne abin. Kwatsam sai wasiƙa ta iso, ko a tono wata gawa, tsohon miki ya dawo ɗanye. Guda bakwai na karanta, biyu daga ciki sun hana ni barci.

Abin da ya riƙe ni shi ne yadda gwanayen marubutan ke nuna shigar mutum cikin irin waɗannan ƙungiyoyi. Babu wanda aka ja da igiya. Mutum ne mai hankalinsa, an yi masa rasuwa ko aiki ya kuɓuce masa, sai ya tarar da mutanen da suka karɓe shi hannu bibbiyu, suka saurare shi. Daga nan a raba shi da danginsa sannu a hankali, a rage masa barci, a sa ya tona asirin kansa a bainar jama'a, har ya fara ganin shakkarsa ce laifin. Akwai babin da na gama na ajiye littafin na yi shiru, domin na gane da ni ce a wannan halin, da wuya in ƙi zama.

Kuma ba ƙari suke yi ba. Jim Jones, shugaban wata ƙungiyar addini, ya fara ne da ciyar da talakawa da haɗa baƙaƙe da farare a majami'a ɗaya a Amurka, lokacin da wariyar launin fata ke da ƙarfi. A Nuwamban 1978 mutum sama da 900 suka mutu a sansaninsa na ƙasar Guyana, kusan kashi ɗaya cikin uku yara ne. A 2023 ma aka fara tono gawawwakin mabiyan wata ƙungiyar addini a dajin Shakahola na Kenya, adadinsu ya haura 400. Da wannan a raina nake karatu, shi ya sa nake jin zafi idan marubuci ya mai da mabiyan wawaye.

Inda na fi samun matsala shi ne batun mantuwa. A littattafai uku, jarumar ta manta komai tsaf, sai a babin ƙarshe ta shaƙi wani ƙamshi, gaskiya ta dawo mata daki-daki kamar an kunna bidiyo. Ƙwaƙwalwa ba haka take aiki ba. Masaniyar halayyar ɗan Adam Elizabeth Loftus ta nuna a shekarun 1990 cewa ana iya dasa wa mutum tunanin abin da bai taɓa faruwa ba: kusan rubu'in waɗanda ta gwada sun yarda sun taɓa ɓacewa a babban kanti suna yara. Littafin da na fi so cikin bakwai ɗin ya san da haka. Jarumarsa na tuna abubuwa gutsi-gutsi, 'yar'uwarta na ƙaryata ta, har shafin ƙarshe ina ta auna maganganunsu.

Ga wanda ya taɓa rayuwa a hannun mai danniya, a gida ko a wata ƙungiya, ina roƙonsa ya duba bayanin littafi kafin ya buɗe, domin wasu suna kwatanta cin zarafin yara ba tare da sakaya ba. Ni kaina na daina karanta su da dare.