Mai farar riga da mai baƙar riga: amsa ga wanda aka ba sigar biyu

Ɗan'uwa, ka ce an yi maka kyautar sigar kara biyu, irin manyan nan da ake naɗewa da hannu da ganyen taba zalla, babu takarda, babu soso a gindi. Ɗaya mai launin shayi da madara ce daga Jamhuriyar Dominikan, ɗayar kuma mai duhu sosai daga Nikaragwa, tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. Ka tambayi wace ta fi ƙarfi, yadda za ka gane wadda aka fi iya naɗawa, da abin da ya dace a zuba a kofi kusa da kowace. Ka kuma ce baƙar kake shakka, don a ganinka ita ce za ta juya maka kai.

Daga wannan shakkar zan fara, don a nan yawancin sababbin shiga ke yin kuskure. Launin da idonka ke gani na ganye ɗaya ne tak, wanda aka yi wa karan riga da shi. A ƙarƙashinsa akwai ganyen ɗauri da ke riƙe da komai, sannan ganyayen ciki, dogaye, waɗanda aka jera daga baki har gindi. Ƙarfin da ke juya kai, wato yawan nikotin, galibinsa daga waɗannan na cikin yake fitowa. Shukar taba hawa-hawa take. Ganyen ƙasa, wanda manoman Kyuba ke kira volado, ba shi da wani ɗanɗano mai yawa, amma shi ke sa kara ya ci wuta. Na tsakiya, seco, shi ke kawo ƙamshi. Na can sama, ligero, wanda ya fi shan rana kuma ya fi daɗewa a jikin shuka, shi ne mai kauri da maiƙo da ƙarfi, kuma a hankali yake ƙonewa. Yawan ligero da mai haɗin ya zuba shi ke yanke hukunci, ko wace irin riga aka sa daga baya.

To me rigar ke yi ke nan? Ɗanɗano take bayarwa, kuma a nan naka biyun suka rabu.

Farar rigar, mai yiwuwa irin Konetikat ce ta inuwa. Tun wajejen 1900 manoman kwarin kogin Konetikat a Amurka suka fara shimfiɗa wa gonakinsu rumfar yadi mai shara-shara, don rana ta riƙa isa ga ganyen a tace. Ganyen da ya tashi a haka sirara ne, mai laushi, jijiyoyinsa ƙanana, launinsa kamar zinariya. Yanzu ana noma irin nan da yawa a Ekwado, inda gajimare ke yin aikin rumfar. A baki za ka ji garɗi irin na madara, da ƙamshin busasshiyar ciyawa da na katakon sida, wani lokacin da ɗan ƙaurin gasasshen burodi, sai kuma ɗan bauri siriri da ke maƙalewa a gefen harshe can wajen ƙarshe. Wannan baurin yana cikin halinta, kada ka ɗauka lalacewa ce.

Baƙar kuwa ita ake kira maduro, ma'ana nunanne da Sifaniyanci. A sigar ta kirki ba rini ake yi wa ganyen ba. Ana jibga shi tsibi-tsibi da danshinsa, nauyin tsibin ya haifar da zafi a ciki, ana rushewa ana sake jerawa, na ciki ya koma waje, na waje ya koma ciki, wata da watanni, har ganyen ya tsumu ya yi duhu. A cikin wannan tsimuwar warin amoniya ke fita, ɗaci ya ragu, zaƙi ya taso. Ba kowane ganye ke jure wannan wahalar ba, sai mai kauri, shi ya sa ake neman na San Andrés a jihar Veracruz ta Meziko, ko Mata Fina na Bahia a Birazil, ko kuma mai faɗin nan da ake kira Broadleaf. Abin da ke burge ni kullum shi ne, wannan na ƙarshen a kwarin Konetikat ɗin dai ake noma shi, a fili cikin rana. Ƙasa ɗaya ce ke fitar da rigar da ta fi haske da kuma wadda ke cikin mafi duhu. Ɗanɗanon maduro ya karkata ga koko, gahawa da aka soya sosai, ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama, da wani zaƙi mai nauyi da ke zama a leɓe.

Duk da haka ina ganin baƙar taka za ta fi farar ƙarfi, sai dai dalilin na cikin cikinta ne. Ganyen Estelí na Nikaragwa, wanda ke tashi a baƙar ƙasa mai asalin aman wuta, an san shi da ƙarfi da yaji irin na masoro, har ka ji shi a hanci tun zuƙar farko. Na yankin Jalapa, shi ma a Nikaragwa, ya fi shi sanyi da zaƙi, na yankin Condega yana tsakani, kuma sau da yawa ana gauraya ukun a kara ɗaya. Ganyen kwarin Cibao na Dominikan, kamar Olor, bisa al'ada ya fi sauƙi, musamman idan aka haɗa shi don ya dace da farar riga. Duk ƙasashen biyu sun samu bunƙasa a sana'ar sigar ne bayan juyin juya halin Kyuba na 1959, lokacin da gwamnati ta karɓe masana'antu, iyalan da suka gaji sana'ar suka fice da iri da ƙwarewarsu, sannan takunkumin Amurka na 1962 ya rufe wa tabar Kyuba babbar kasuwarta. Idan kana son misalan da kowa ya sani: Ashton Classic, wadda ake naɗewa a masana'antar Fuente a Dominikan, ita ce hoton ta farkon. Padrón 1964 Anniversary maduro, wadda aka fitar a 1994 don cikar kamfanin shekara 30, ita ce hoton ta biyun. Amma akwai maduro masu sanyin hali, akwai kuma masu farar riga da aka cusa wa ligero har su tayar wa mutum da zufa.

Yanzu naɗi, wanda a wajena ya fi duk sauran muhimmanci, don ganye mai kyau a hannun wanda bai iya ba asara ce.

Kafin ka kunna, ɗauki kowane kara ka bi shi da yatsu biyu a hankali daga kai zuwa gindi. Ya kamata ya ɗan lotsa ya dawo, iri ɗaya a ko'ina. Wurin da ya yi tauri kamar dutse ƙulli ne da zai toshe iska, wurin da ya zurma kuma rami ne da wuta za ta ruga ta cikinsa. Duba bakin da ake kunnawa: za ka ga ganyayen a naɗe, mai duhun, wato ligero, a tsakiya. Da gangan ake sa shi a can, tunda shi ya fi jinkirin ƙonewa, shi ya sa idan toka ta faɗi daga karan da aka naɗa daidai za ka ga garwashin ya yi ɗan tsini a tsakiya. Masu naɗi suna da hanya biyu ta jera cikin. Wasu suna ninka ganyen kamar mafici, wasu kuma suna murɗa kowane ganye ya zama bututu kafin a haɗa su, abin da ake kira entubado. Ta biyun ta fi cin lokaci, amma iska ta fi samun hanya. Sai ka duba hular da ke kan, wato ɗan ganyen da ya rufe ɓangaren da ake sawa a baki, wadda ake liƙawa da ƙaron itace marar ɗanɗano. Salon Kyuba hawa uku ake yi mata, kuma masana'antu da yawa a wasu ƙasashen sun ɗauka. Milimita biyu kawai za ka yanke daga samanta. In ka zarce kafaɗar, rigar za ta fara warwarewa a bakinka.

Bayan yankan, zuƙa sau ɗaya ba wuta. Ana so ka ji ɗan turjiya kaɗan. Idan iska na wucewa fayau, karan zai yi zafi ya yi ɗaci. Idan kuma sai ka haɗa da kumatu, an cika matse shi, ko ya sha danshi fiye da kima.

Wajen ƙonewa halinsu ya sha bamban, kuma kada ka yi wa ɗaya hukunci da ma'aunin ɗayar. Farar riga tana cin wuta a miƙe, layin ƙunarta siriri, amma ba ta da haƙuri: in iska ta bushe ko aka matse ta da ƙarfi sai ta tsage. Baƙar tana da kauri da maiƙo, a hankali take tafiya, wani lokacin gefe ɗaya ya riga ɗaya sai an ɗan taɓa shi da wuta. Jijiyoyi da kaushin da za ka gani a jikin Broadleaf ɗabi'arsa ce. Idan kuma ka ga karan ya yi kusurwa huɗu maimakon zagaye, matse shi aka yi da gangan, salon da aka san Padrón 1964 da shi. Danshin ajiya tsakanin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ake so, zafi kuma kusan digiri 20 a ma'aunin Salsiyos, kuma ni na fi son baƙar a ɓangaren 65, don ta fi kamawa da kyau. Toka fara ko ruwan toka, wannan daga ma'adinan ƙasar da ganyen ya tashi ne. Abin dubawa shi ne ta riƙe kanta kamar inci guda kafin ta faɗi.

Idan naka irin robusto ne, wato tsawon inci 5 da kauri lamba 50, lambar tana nufin kashi 50 cikin 64 na inci, kusan santimita 2. Ka ware wa kowane minti 45 zuwa awa guda, zuƙa ɗaya a minti ta wadatar. Kunna da ashanar katako ko laita mai gas, ban da mai fetur, don warinsa yana shiga ganyen.

Abin sha kuma, nauyi ake dubawa. Farar tana da murya ƙasa-ƙasa, duk abin da ya fi ta amo zai danne ta. Gahawa da madara ita ce ƙawarta ta gaskiya, don maiƙon madarar yana rufe ɗan baurin nan, ya bar garɗin da ƙamshin sida su fito fili. Shayi baƙi da ba a dafa shi ya yi kauri ba shi ma yana tafiya da ita, musamman irin Dajilin na Indiya. Idan ka haɗa ta da gahawa mai ɗaci ƙwarai, bayan kurɓi biyu ba abin da za ka ji sai hayaƙi mai ɗumi, ka yi asarar aikin shekaru da aka yi wa ganyen.

Baƙar ita ke son gahawa mai kauri, irin wadda ake tatsa da inji a ƙaramin kofi. Ɗacin gahawar yana sa zaƙin rigar ya ƙara bayyana, ƙamshin suyar kuma yana haɗuwa da na kokon da ke cikinta har ka kasa raba su. Ni ina zuba ɗan sukari, kamar yadda ake shan ta a Kyuba, don yana sassauta yajin Estelí a zuƙoƙin farko. Koko mai zafi marar zaƙi da yawa ma yana yi, ko da yake a ganina kamanninsu ya yi yawa, babu mai fito da wani. Masu shan barasa a yankin Karibiyan da tsohuwar giyar rake ta rom suke haɗa maduro, a Turai kuma da wuski ko giyar inabi mai zaƙi ta Fotugal, farar kuwa da abin da ya fi waɗannan sauƙi. Lemun tsami da duk abin sha mai na'ana'a ka nisanta su daga duka biyun, don suna mayar da hayaƙin wani abu mai ɗanɗanon ƙarfe. Kuma a karon farko da za ka gwada kowace, ruwa mai gas kaɗai ya ishe ka. Yana wanke harshe tsakanin zuƙa da zuƙa, sai ka san ainihin muryar karan kafin ka nema masa abokin tafiya.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Hayaƙin sigar ba a haɗiye shi zuwa huhu, a baki ake juya shi a busar, amma nikotin ɗin yana ratsawa ta fatar baki, kuma babban kara ɗaya yana iya ɗaukar taba daidai da kwalin sigari guda. Haɗarin kansar baki da maƙogwaro yana nan ga fara da baƙa baki ɗaya. Sanyin farar a harshe bai rage mata komai ba ta wannan fuskar.

Idan za ka gwada su, raba musu rana, ka fara da farar, don in baƙar ta riga ta shafe harshe ba za ka ji komai daga 'yar'uwarta ba. Baƙar ka bar ta sai bayan ka ci abinci ka ƙoshi, ka ajiye wani abu mai zaƙi kusa, in ka ji jiri ko zufa mai sanyi ka dakata nan take. Kashi na ukun ƙarshe shi ne inda maiƙo da zafi ke taruwa, farar ta ƙara bauri, baƙar ta ƙara nauyi. Da zarar ɗaci ya rinjayi sauran, ajiye karan a mazubin toka ba tare da ka murje shi ba, zai mutu da kansa cikin 'yan mintuna.