Rediyon ELWA da Muryar Bishara: Tashoshi Biyu Ne, Ba Ɗaya Ba

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya tambaya ko Rediyon ELWA da Muryar Bishara, waɗanda iyayenmu na Kaltungo da Billiri suke yawan ambata idan ana hirar waƙoƙin bishara na dā, tasha ɗaya ce mai suna biyu. Ɗan'uwa, biyu ne, kuma a wancan zamani babu wadda take watsa shirinta daga nan Nijeriya, ko da yake Hausar da ake ji a cikinsu tamu ce.

ELWA ce babba a shekaru. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ne ya kafa ta kusa da Monrobiya a Laberiya, ta fara aiki a watan Janairun 1954, shekarar da aka kafa ikilisiyar ECWA. Ita kuwa Muryar Bishara sunan ɗakin shirye-shiryen Hausa ne da ke Jos, wanda a dā yake aika aikinsa zuwa babbar tashar da Tarayyar Lutheran ta Duniya ta buɗe a Adis Ababa a 1963, zamanin Sarki Haile Selassie. Tashar ta Habasha tana da irin wannan ɗaki na Fulfulde a Ngaundare ta Kamaru, mai suna Sawtu Linjiila.

Abin da ya sa ake rikita su, a ganina, shi ne hanyar da waƙa take bi iri ɗaya ce. A lokacin gidajen rediyon Nijeriya duk na gwamnati ne, saboda haka sai a tara mawaƙa a Jos, a naɗi muryoyinsu a faifai, a aika da shi ƙetare, sannan waƙar ta dawo ta gajeren zango. Matar da ta rera waƙa tare da Zumuntar Mata, ana kaɗa tulu da kacau-kacau, sai ta yi makonni tana jira kafin ta ji muryarta da yamma cikin akwatin rediyo mai batir, maigida yana murɗa shi a hankali saboda sautin yana zuwa yana ɓacewa. Wanda ya saurara a haka ba lallai ne ya damu da ko daga yamma muryar ta fito ko daga gabas ba.

Bambancin yana ga masu tashar da manufarsu. ELWA ta fi karkata ga wa'azi da koyar da Littafi Mai Tsarki, kuma tun da SIM ne ya shiga ƙasar Tangale, wato yankin Kaltungo da Billiri, a 1917, a wajenmu ita ce tashar gida. Tsarin ta Adis Ababa kuwa shi ne kashi 30 cikin ɗari na addini, kashi 70 na labarai da ilimi da kiwon lafiya da noma, abin da ya sa har waɗanda ba Kirista ba suke kama ta. Ikilisiyoyin da suka fi kusa da ita su ne na TEKAN, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya, irin su Lutheran ta Numan.

Abin da ya same su daga baya ma ya sha bamban. Gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar Adis Ababa a watan Maris na 1977, ta mai da ita muryar juyin juya hali, amma hannunta bai kai ga ɗakin Jos ba. ELWA kuwa yaƙin basasar Laberiya ne ya lalata ta a 1990, aka gyara, aka sake wawushe ta a 1996.

Ko bayan da aka ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo a 1992, dokar NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, ta hana ba ƙungiyar addini lasisi, shi ya sa a yau ikilisiyoyin Gombe da Bauchi suke sayen lokaci a tashoshin FM domin saka waƙoƙinsu, musamman ranar Lahadi.