Wata uku da tsohuwar Cisco 2501 tsakanin Terminus da Bukuru

Akwai wani Alhaji mai sayar da kayan gyaran mota a nan Jos da har yau lissafin shagonsa yana kan NetWare 3.12, wata tsohuwar manhajar haɗa kwamfutoci ta kamfanin Novell. Na yi na yi ya sauya, ya ce mini, "Malam, abin da bai lalace ba, me zai kai shi wurin gyara?" Ofishinsa na Terminus, sito na Bukuru, layi mai kilobit 64 ne ya haɗa su. Da rautarsa ta ƙone, wato na'urar da ke tura bayanai tsakanin wuraren biyu, sai na samo masa wata ƙirar Cisco 2501 ta hannu.

Abin da ya fi damun yaran sito shi ne da safe kwamfutarsu ta kama saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) wadda ba ita ake so ba, wata tsohuwa da ake ajiye bayanan shekarun baya. Dalili kuwa SAP, hanyar da sabobi ke sanar da kansu. A IPX, tsarin da kwamfutocin Novell ke magana da juna, kowace saba tamkar mai talla ce, duk daƙiƙa 60 sai ta yi shelar sunanta da irin aikinta, rauta ta tattara ta tura gaba, talla bakwai a kowane ƙunshin saƙo. Bukuru babu saba, don haka in kwamfuta ta nemi saba mafi kusa, rautar can ce ke amsa mata daga abin da ta ji.

A nan na yaba wa na'urar. Jerin tace SAP, wanda ke zaɓar tallan da zai wuce, yana ɗaukar lamba 1000 zuwa 1099. Na buɗe 1000, na bar nau'i na 4, wato sabar fayil, da sunan ta lissafi kaɗai, na ɗora shi da umarnin ipx output-sap-filter a bakin layin Bukuru. Da na duba jerin sabobi da umarnin show ipx servers a rautar Bukuru, babu tsohuwar sabar.

Sai dai washegari firintar rasit ta sito ta yi shiru, kwastomomi na tsaye. Duk abin da ba ka ambata a jerin ba, a rufe yake, ni kuma ban saka nau'i na 47 na sabar firinta ba. Layi ɗaya na ƙara a jerin, takarda ta fara fita. Wannan ya tsaya mini a rai, don mutane sun jira a kaina.

Mai niyyar sayen irin wannan rauta ya tabbatar IOS, manhajar Cisco da ke ciki, tana da IPX, ba kowace ke da shi ba. Bakin Ethernet ɗinta, inda ake jona wayar kwamfutoci, kuma tsohon samfuri ne mai suna AUI, sai an haɗa da ɗan akwatin da ke mayar da shi RJ45, bakin da aka saba gani. Nawa sai da na yi kwana huɗu ina nema kafin wani abokin aiki ya zaƙulo mini shi a durowarsa.