Sadakar Sallah: 'Yar Kabul Ko 'Yar Maƙwabta?

Kuɗin da ka ware na sadakar Sallah, in karatun 'ya'ya mata ka nufa da shi, hanya biyu ce a gabanka.

Ta farko, ka tura ta intanet ga gidauniya irin Malala Fund, wadda aka kafa a 2013, mai tallafa wa karatun 'ya'ya mata a ƙasashe irin su Afganistan. Buƙatar can ba ƙarama ba ce: tun 2021 Taliban suka hana 'yan matan Afganistan wuce aji shida. Sai dai naira in an canza ta zuwa dala ba ta da auki.

Ta biyu tana ƙofar gidanka a Gusau: yarinyar nan mai tallar awara da hantsi, sa'anninta suna aji. Kuɗin zai ɗinka mata kayan makaranta da hijabi, ya sayi littattafai. Amma fa sai ka zauna da mahaifiyarta, don ribar tallar ce kuɗin cefane, ga tsoron da satar ɗaliban Jangebe a 2021 ta bar wa iyaye. Zango mai zuwa ma kai za a duba. Duk da haka, ni a ganina mai dubu ashirin gara ya fara da ta gida.