Littafin zanen gefe ko na samfurin fenti? Ga wanda zan ce ka saya

Malam, tunda kuɗin littafi ɗaya ne a hannunka, kuma Hurricane da Spitfire, jiragen yaƙin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Biyu, na 1939 zuwa 1940 kake son zanawa, ka ɗauki na samfurin fenti, ka bar mai zanen gefen jirage kala-kala. Duka biyun suna kan kantata. Ɗaya bangonsa ya sha hannu har ya fara yagewa, ɗayan kuwa ƙura ce ke gadinsa.

Na samfurin ba shi da kyan gani, kada ka yi tsammanin hotuna masu ɗaukar ido. Yawancinsa kwafin umarnin Ma'aikatar Jiragen Sama ta Birtaniya ne, rubutu zalla, sai can ƙarshe shafi mai ƙananan murabba'ai na fenti na gaske, an shafa an manna. Ƙanin mahaifina ne ya taho mini da shi daga Ingila, lokacin ina fama da zanen wani Hurricane daga cikin waɗanda suka ratsa Kano. Ka san daga Satumban 1940 Turawa suka fara kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a harhaɗa su a can, sannan su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da Khartoum har Masar. Ayarin farko Hurricane shida ne, jirgin jefa bam Blenheim ɗaya na ja musu gaba. Na fito da littafin tsakar gida da hantsi, na ɗora takardar gwajina kusa da murabba'in koren, na yi ta ƙara ruwan ƙasa da ɗigon baƙi kaɗan-kaɗan har suka saje. Koren nasu ashe a dushe yake, ya fi karkata ga ganyen da ya fara bushewa. Wallahi ranar da na gama jirgin nan na jingina shi da bango, sai na ji kamar yanzu ya sauka a filin Kano da ƙurarsa. Baffan nawa da kansa ya ce a bar masa shi, yana falonsa har yau.

Amma abin da ya fi murabba'an daraja a wurina shi ne kwanan wata. A shekarun nan fentin jiragen yaƙi ba ya daɗewa bai sauya ba. Saman jirgi dai kore ne da ruwan ƙasa, amma tsari biyu ne, A da B, ɗaya madubin ɗaya, sai a Janairun 1941 aka bar guda. Ƙasan kuwa nan rikicin yake. Da aka shiga yaƙi, fiffiken hagu baƙi ne na dama fari, don masu lura daga ƙasa su gane nasu ne. A Mayun 1940 aka ƙara zoben rawaya a tambarin gefe da ratsin launi uku a wutsiya. Ranar 6 ga Yunin 1940 umarni ya fito a shafe ƙasan duka da launin da suke kira Sky, fari-fari mai sirkin kore, sai dai fentin bai wadatu ba a makonnin farko, rundunoni suka yi ta shafa abin da ya samu, wani ya fi shuɗi wani ya fi kore. Ƙarshen Nuwamba baƙin fiffiken hagu ya dawo, tare da ɗamarar Sky a gaban wutsiya da kan farfela, a Afrilun 1941 aka sake cire baƙin. Zuwa Agustan 1941 ruwan ƙasa ya kau, ruwan toka ya maye gurbinsa. Ka ga jirgi ɗaya na iya sauya kama sau uku ko huɗu cikin shekara guda. In ba ka san watan da kake zanawa ba, komai kyan hannunka za ka haɗa ƙasan Mayu da wutsiyar Disamba.

Na zanen gefe kuwa, to, yana nuna inda harufan runduna suke zama, kuma yara suna son kallonsa. Iyakar abin da zan ce ke nan. Launin da ke ciki hasashen wani mai zane ne, ya bi ta injin buga littafi, kuma sau da yawa shi ma daga wani littafin ya kwafa. Dogaro da shi daidai yake da zaɓen shadda ta hoton waya, wanda ya taɓa yi ya san abin da ke zuwa cikin leda. Gefe ɗaya kawai yake nuna maka, alhali dama da hagu ba ɗaya ba ne, saman fukafukai kuma babu shi sam.

Littafin samfurin shi kaɗai ba zai gaya maka abin da jirgi kaza ya sa ranar kaza ba, wannan aikin hoto ne. Ka shiga shafin intanet na gidan tarihin yaƙi na Landan, Imperial War Museum, akwai hotuna baƙi da fari na lokacin da yawa, kallo kyauta ne. Ka nemi wanda lambar jirgin ta fito a jikinsa, ka tantance watan, sannan ka koma ga umarnin. Ka lura da abu ɗaya: wani fim ɗin na wancan zamani yana mayar da rawaya duhu ƙirin, shuɗi kuma ya yi haske. Shi ya sa za ka ga zoben tambari kamar baƙi ne, alhali rawaya ne. Masu zane da dama sun faɗa wannan ramin.

In daga baya ka so ƙara Messerschmitt 109 na Jamus, shi samfurinsa daban ne, lambobin fenti na RLM, wato Ma'aikatar Jiragen Sama ta Jamus, ake bi. A 1939 kore biyu masu duhu ne a sama, 70 da 71, shuɗi mai haske 65 a ƙasa. Farkon 1940 aka cire 70 aka sa 02, ruwan toka mai sirkin kore, shuɗin ya hau har gefen jiki, sannan rundunoni suka riƙa yi masa dabbare-dabbare kowa da salonsa, daga Agusta kuma ga hanci rawaya. Ka bari sai hannunka ya zauna a kan na Birtaniya tukuna.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, don akwai maha'inta a harkar nan. Wasu suna ɗaukar hoton shafin samfurin su buga da firinta, su ɗinke, su sayar da tsadar na asali. Wannan tawada ce, ba fenti ba, ba ta da wani amfani gare ka. Kafin ka tura ko sisi, ka sa mai sayarwa ya yi maka bidiyo yana karkata shafin a hasken rana. Fentin gaske yana da kauri, bakin murabba'in yana ɗagowa daga takarda, kuma ba ya ƙyalli. Ka ƙirga murabba'an ma, domin a tsofaffin kwafi akan ɓanɓare wasu, wani lokacin shafin gaba ɗaya an cire shi. Wasu kuma hotunan baƙi da fari suke zuba wa launi da kwamfuta, su ce na asali ne na 1940. Hotunan kala na gaske na wannan shekarar kaɗan ne ƙwarai, duk wanda ya ce yana da ɗaruruwa ka rabu da shi. In Allah ya sa ka samu na ƙwarai, ka ajiye shi a rufe nesa da rana da laimar damina, kada ka taɓa murabba'an da jiƙaƙƙen hannu.